Ɗana ya ƙone da kunu, ga kuma rijiya a buɗe a tsakar gida

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, muna zaune a gidan gado tare da surukata da iyalin wan mijina. 'Ya'yana uku. Kwanakin baya na sauke tukunyar kunu na shiga ɗaki ɗauko kofuna, na bar autana mai shekara ɗaya da wata takwas a hannun yayarsa mai shekara takwas. Kafin in fito ya jawo tukunyar, kunun ya zubo masa daga kafaɗa har gwiwar hannu. Hajiya, wato surukata, ta shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai, ta ce ba sai an je asibiti ba. Bayan kwana uku wurin ya fara wari, sai da aka ba mu gado. Yanzu mun dawo gida, yana samun sauƙi, amma ni na kasa barci. Akwai rijiya a tsakar gidan, tsohon langa-langa ne kawai a bakinta. Na yi wa maigida magana, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, su ma a gidan suka tashi. Hajiya kuma ta ɗauka laifi nake ɗora mata, ko gaisuwata da kyar take amsawa. Ɗiyata da na doka ranar ta daina wasa, ko kusa da ƙanen ba ta zuwa. Ina tunanin in kwashe yarana in tafi gidanmu har sai an rufe rijiyar. Laifina ne? Me zan yi?

Wata uwa, Katsina

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya.

Kin tambaya ko laifinki ne. Abin da kika yi ranar, wato sauke tukunya a ƙasa da shiga ɗaki na ɗan lokaci, shi ne abin da kusan kowace mace take yi kullum a gidajenmu, kuma sau da yawa ba abin da ke faruwa. Yaro mai shekara ɗaya zuwa uku yana tafiya, yana hawa, yana jan duk abin da hannunsa ya kai, amma bai san zafi ba, bai san zurfi ba. Babu uwar da za ta iya kafa masa ido daga asuba har dare tana girki, tana wanki, tana sallah. Saboda haka idan tsaron yaro ya rataya ga idon uwa kaɗai, wata rana sai an samu giɓi. Gidan ne ya kamata a gyara yadda ko an ɗauke ido na minti biyu abin ba zai zama na rai ba. Rashin barcin nan naki yana da dalili, kuma kin gano abin da ya fi komai haɗari a gidan tun kafin ya yi ɓarna.

Rijiyar ita ce gaba da komai, har da murhu. Ƙuna tana zuwa da ihu, kowa ya rugo. Ruwa kuwa shiru yake ci: yaron da ya faɗa ba ya samun damar kuka, kuma cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa take fara lalacewa saboda rashin iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi kowa mutuwa ta hanyar nutsewa, ga autanki nan a tsakiyar wannan shekarun. Langa-langa a bakin rijiya ya fi rashin murfi yaudara, domin mutanen gida suna ganin a rufe take, alhali danshin da ke tasowa daga ƙasa ya riga ya cinye shi da tsatsa. Yaro ya taka ya lotsa, ko ya ture shi da hannu ɗaya.

Aikin da ake bukata bai wuce na yini biyu ba. Magini ya ɗaga bakin rijiyar da bulo kamar layi huɗu, kusan mita ɗaya ke nan, a zuba dakalin kankare da rodi a sama, a bar ƙofa daidai shigar guga. Mai walda ya yi wa ƙofar murfin ƙarfe mai kauri da hinji, da wurin sakata ko kwaɗo. A nan ne gidajen yawa suke yin kuskure: ana sa kwaɗo, mata huɗu suna jan ruwa duk yini, kafin mako guda an gaji da neman mabuɗi an bar shi a buɗe. Gara murfi mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, wanda ke faɗawa ya rufe da kansa idan an sake shi, sannan kwaɗon ya zama na dare da na ranar taro. Idan da hali a sa famfon tuƙa-tuƙa ko injin jan ruwa, sai a rufe bakin gaba ɗaya a huta. A kawar da turmi, kujera 'yar tsugunno da bokiti daga gindin ginin, domin su ne matakalar yaro. Kuma kada a sa yara ƙanana jan ruwa: nauyin guga yana rinjayarsu, igiya tana harɗe ƙafa, ga santsi.

Kafin a samu kuɗin wannan, yau ɗin nan a nemo tsohon ƙyaure na katako mai ƙwari ko faffaɗan katako biyu masu kauri, a shimfiɗa, a danne da bulo uku ko huɗu. Ke kuma ki sa kafinta ya yi miki 'yar rabin ƙofa a bakin ɗakinki ko sashenki, mai sakata ta waje can sama, yadda za ki iya ajiye shi ciki yana ganinki kina aiki. Ki tuna kuma ba rijiya kaɗai ba ce. Yaro irin naki kansa ya rinjayi jikinsa, idan ya leƙa bokiti ko baho ya kifa ciki ba ya iya fitar da kansa, kuma ruwan da bai fi tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya rufe masa hanci da baki. Da an gama wanki ko wanka a zubar a kife. Duro da randa a rufe da abu mai nauyi. A duba murfin masai da na sokawe ko ya tsage. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika, kuma manyan yaranki ne abin ji a lokacin.

Allah ya kiyaye, in har aka ciro yaro daga ruwa, kada a ɓata lokaci ana riƙe shi a kife ana matsa masa ciki wai ruwa ya fito. A kwantar da shi a rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa. Idan ba ya numfashi a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da gindin tafin hannu ɗaya sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka ana neman abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi kuka sai an kai shi asibiti, domin huhu kan rikice bayan sa'o'i. Rijiya mai zurfi kuma ba a faɗa mata da ka. Wani lokaci babu isasshiyar iska a ƙasanta, mai ceto ya bi wanda ya je ceto. A ɗaure wanda zai shiga da igiya, maza suna riƙe, a kuma kira 'yan kwana-kwana.

Yanzu maganar Hajiya. Ba ta shafa makilin da ƙwai don ta cuci jikanta ba. Abin da ta gani ana yi ke nan, kuma a ƙananan ƙuna da ta gani a rayuwarta wurin ya warke, sai ta ɗauka maganin ne ya yi aiki. Ina kyautata zaton ɗaure fuskar nan da take yi ciwon abin ne yake cin ta, domin ita ma ta ga yadda hannun ya koma. Amma gaskiyar magana dole ta shiga gidan, tunda akwai sauran jikoki. Makilin yana ba da sanyi a fata ne kawai, ba ya zare zafin da ke ci gaba da cin nama a ciki, sannan ya bushe ya manne, a asibiti sai an kankare shi kafin a ga zurfin ciwon, yaro yana ihu. Ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, a kuma ɗora shi a wurin da fatar da ke kare jiki ta tafi. Haka manja, baƙin mai, gishiri, toka da gashin zomo.

Abin da ke rage zurfin ƙuna shi ne ruwa. Ruwan famfo ko na randa, ana kwararawa da buta ko kofi a kan wurin ba tsayawa har minti 20 cikakku. A duba agogo, don minti ashirin da yaro mai kuka yana da tsawo, yawanci a minti biyu ake dainawa. Ko an makara, yana da amfani matuƙar ba a wuce awa 3 ba. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A cire riga, awarwaro da zobe kafin wuri ya kumbura, sai dai abin da ya manne a fata a bar shi. A lulluɓe sauran jikin da zane kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororon da ya taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi ko sabuwar leda fara, ban da auduga, sai asibiti. Duk ƙunar da ta fi faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi ba ya ma jin zafi, ba ta zaman gida ba ce. Kunu, koko da miya sun fi ruwan zafi ɓarna saboda kaurinsu yana manne wa fata.

Yadda za ki isar da wannan shi ne abin lura. Kada ya fito daga bakinki a matsayin gyara, kuma kada a gaban facalarki. Ki same ta a ɗakinta bayan isha'i, ki durƙusa ki gaishe ta, ki yi mata godiyar tsayuwar da ta yi ranar, ki ce ruɗewa ce ta sa kika yi magana yadda kika yi, ta yafe miki. Wannan ba ya nufin kin yarda makilin daidai ne. Sannan ranar komawa wankin ciwo ki roƙe ta ta raka ki, ki kuma tambayi ma'aikaciyar jinya a gabanta: “In haka ta sake faruwa, me za mu fara yi a gida?” Abin da ba za ta karɓa daga bakin matar ɗanta ba za ta karɓa daga bakin malamar asibiti. In kuwa Hajiya ta ce a rufe rijiya, babu ɗan da zai ce a'a, don haka samun ta ya fi miki kayar da ita a magana.

Shi kuma maigida, kalmar da ya faɗa ta imani ce, kada ki yi jayayya da ita, ki cika masa ita. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, cewa ya yi wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Ya kuma yi umarni a rufe ƙorai, a tsare yara a gida idan magariba ta yi. Wanda ya fi kowa sanin ƙaddara ke nan yake koyar da rufe abu. Akwai kuma abin da maza ba su cika faɗa ba: gidan gado ne, taɓa rijiyar yana bukatar yardar wansa, ga kuɗin asibitin da ya gama kashewa. Mai yiwuwa “tsautsayi” ya fi masa sauƙin faɗa da “ba ni da shi yanzu”. To ki sauƙaƙa masa. Ki sa ƙanenki ko wani yaron gida ya tambayo magini da mai walda nawa aikin zai ci, ki kawo masa adadi a hannu, ki ce za ki sa wani abu daga adashinki, a raba sauran tsakaninsa da wansa, tunda su ma suna da yara a tsakar gidan. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya natsu, ku biyu kaɗai.

Game da ciwon da ke hannun yaron yanzu, kada ki fasa zuwa wanki ko da kin ga ya bushe. Zazzaɓi, wari, ruwa mai launin kore, jan da ke yaɗuwa a gefen ciwon ko ƙin cin abinci, duk alamun a koma ne a ranar. Tunda ƙunar ta kai kafaɗa da gwiwar hannu, ki tambaya a nuna miki yadda za ki riƙa miƙar masa da hannun, domin fatar da ke warkewa tana tsukewa, in aka bar shi yana naɗe hannu saboda zafi gaɓar na iya ƙagewa. Ƙunar da ta wuce mako biyu ba ta rufe ba mai zurfi ce, ki nemi a tura ku wurin likitan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu alluran mako 6, 10 da 14, waɗanda ke ɗauke da rigakafin tetanus. Jiki mai gina sabuwar fata yana bukatar abinci mai gina jiki: dafaffen ƙwai, wake, kifi, nono, kunun gyaɗa. Sai wurin ya rufe sarai sannan a fara shafa man kaɗanya ko basilin, a kuma kare shi daga rana da riga mai dogon hannu.

Wurin girki kuma, ki ware masa kusurwa guda ki kange da bulo ko katako mai kai ƙirjin yaro. Duk abin da aka sauke daga wuta a ajiye shi cikin shingen ko a kan abu mai tsawo, haka filas. Ruwan wanka a fara zuba na sanyi sannan a surka da na zafi, kada a ajiye tafasasshe a tafi ɗebo na surki. Garwashi da toka a yayyafa musu ruwa bayan girki, domin toka tana yin fari a sama alhali cikinta wuta ce. Hita a bokiti haɗari biyu ne, ƙuna da lantarki. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, haka janareta ba ya kwana a zaure ko gindin taga: iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Lokutan da suka fi haɗari su ne gab da shan ruwa a azumi da ranakun suna da biki, inda kowa yake zaton wani ne ke riƙe da yaron. A irin ranar ki ambaci sunan babba guda ki ce “ga shi a hannunki”.

Ki zagaya ɗakinki da madafa a durƙushe, daidai tsawonsa, ki ga abin da idonsa ke gani. Kalanzir ko fetur a gorar lemo, fiya-fiya, shinkafar ɓera, maganin Hajiya na hawan jini a kan taga, duk su koma akwati mai kwaɗo. In yaro ya sha kalanzir kada a ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin aman ne ke tura shi cikin huhu. A cire masa kayan da ya jiƙe, a tafi asibiti da gorar a hannu. Gyaɗa, aya, gurjiya da ƙwallon dabino ba na ɗan ƙasa da shekara huɗu ba ne sai an niƙa ko an cire. Ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo da rimot, in aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2, ba a jiran ya fito da kansa. A waje kuma, in maigida yana da babur, a daina ɗora yaro a kan tanki, a kula da salansa bayan an kafe shi, a kuma daina aiken ɗan ƙasa da shekara goma tsallaka babban titi shi kaɗai, don bai iya auna gudun mota ba tukuna.

Ɗiyarki tana bukatarki a daren nan. Yarinya mai shekara takwas za ta iya wasa da ƙanenta, amma ba ta kai a ba ta amanar ransa kusa da wuta ko ruwa ba, hankalinta na yara ne. A yanzu ta yarda ita ce ta ƙona shi, dukan kuma ya tabbatar mata. Ki zaunar da ita ke da ita, ki gaya mata a fili cewa ba laifinta ba ne, tsoro ne ya sa kika doke ta. Ki hana kowa a gidan yi mata gori da abin. Ki riƙa ba ta ɗan aiki a jinyarsa, kamar riƙe masa kofi ko yi masa wasa lokacin da kike miƙar da hannun, kina kusa. Idan bayan wata guda har yanzu tana firgita cikin barci, ko ta koma fitsarin kwance, ki faɗa a asibiti.

Tafiya gidanku kuwa, ban ba ki shawarar ki yi ta a matsayin yaji ba. Za ta mayar da maganar rijiya ta zama maganar aure, a shiga biko da sulhu, rijiyar tana nan yadda take, ga 'ya'yan facalarki a gefenta. Ki fara da katako da bulo yau, rabin ƙofa cikin makon nan, Hajiya da maigida a kwanakin da ke biye. In aka sa ranar aiki, ki nemi izini ki kai yaran gidanku na kwana biyun da rijiyar za ta kasance a buɗe ana gini. Idan kuma aka yi mako biyu ko uku babu motsi, har an hana ki ma danne ta da katako, to ki sanar da mahaifinki ko waliyyinki ya yi magana da wan mijinki, ko a sa limamin unguwa ya sa baki. A wannan matakin, neman ki zauna da yaran a gidanku da sanin manya har a gama aikin haƙƙinki ne, kuma ba rashin kunya ba ne.

Allah ya ba autanki lafiya, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya.